Harsa da Lifidi

Akwai waɗansu kalmomi a cikin Hausa da su ke kamar tsofaffin rijiyoyin bayan gari. Ruwansu bai ƙafe ba, hanya ce kurum ta kauce musu, har ya zamana yaro ya kan wuce ta gefensu da ƙishirwa bai san da su ba. Kalmar harsa tana cikin irin waɗannan. Dattawan Sabon Birni da na Isa sun san ta sarai, haka kuma fadawa da malamai da masu sayar da rawuna. Amma samari da yawa, in an ambace ta, sai su yi zuru kamar an yi musu wani yare.

A ce yau Alhamis, ga wani dattijo ya taso daga Isa ya zo cin kasuwar Shinkafi, ya tsaya gaban rumfar wani saurayi mai sayar da yadi. Ya ce, "Samari, ko kana da harsa?" Saurayi ya ce, "Baba, wace iri ce kuma harsa? Akwai shadda, akwai boyal, akwai leshi." Dattijo ya ce, "Farin nan shara-shara na naɗi." Saurayi ya ce, "Af, ashe yadin rawani ka ke nufi, Baba." Ya jawo wani fari mai sheƙi na zaren roba ya miƙa masa. Dattijo ya murza shi da yatsa, ya ɗaga shi sama ya duba, ya mayar masa da abinsa, ya yi godiya, ya wuce.

To, a cikinsu wa ya fi gaskiya? Masu goyon bayan saurayi sun ce zamani riga ne, in ya zo sai a sa shi. Kalma kayan aiki ce, in aikinta ya ƙare sai a jingine ta kamar tsohuwar fartanya. Sun ƙara da cewa a ƙasar da mutane ke kwana da fargaba, ba su san ko za su wayi gari a gidajensu ba, zancen sunan ƙyalle zancen wanda ya ƙoshi ne. Masu goyon bayan dattijo kuwa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. Kafin a yanke hukunci tsakaninsu, ya kamata a fara sanin abin da a ke gardama a kansa.

Mece ce harsa?

Harsa farin ƙyalle ne na auduga zalla, mai siririn zare, wanda aka saƙa sako-sako har iska tana ratsa shi, ido ma yana ratsa shi. In mutum ya shimfiɗa falle ɗaya bisa tafin hannunsa, zai ga zanen hannun ta ciki. In ya dunƙule kamu da yawa, ba za su cika masa hannu biyu ba. Ba a ɗinka wando da ita, ba a yin buhu da ita, ba ta maganin ɗari. Babban aikinta naɗi ne. Don haka in aka ce wane ya naɗa harsa, ba sai an ƙara da cewa rawani ba.

Mutanen da ba su haɗa fararen tufafi a suna ɗaya. Akwai akoko, mai kauri, wanda farinsa bai fita sosai ba, tufar talaka da almajiri. Akwai alawayyo, wanda ya fi shi haske da laushi, da shi a ke rigar yau da kullum, da shi kuma a ke likkafani. A wajen rawani akwai ɗan Kura, baƙi mai sheƙi, wanda a ke rinawa da baba a buga shi a garin Kura kusa da Kano, shuninsa yana zuba a fuska da hannu. Ga saƙi mai zanen zabo, ga tsamiya ta manyan riguna. Kowane suna daga cikin waɗannan ma'auni ne, yana gaya wa mai saye irin zare da irin saƙa da abin da ya kamata ya biya.

Amfanin farko na tsohuwar kalma ke nan. Wanda duk farin yadi sunansa ɗaya a bakinsa, shi a ke sayar wa roba da kuɗin auduga. Alhali kuwa bambancinsu ba ƙarami ba ne. Auduga tana shan gumi, tana sanyaya kai da bazara, in an naɗa ta kuma ta kan kama kanta ta zauna. Roba tana riƙe zafi, tana santsi, in ta ji wuta sai ta narke ta manne. Dattijon nan da ya murza yadi ya mayar, sunan da ke bakinsa ne ya koya wa yatsunsa abin da za su nema.

Daga ina ta ke zuwa?

Ƙasar Hausa ƙasar auduga ce tun fil azal. Mata su gurje ta, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari suna dangwalar alli, su fitar da zare da abawa. Masaƙa su zauna da ƙoshiya su fitar da sawaye marasa faɗi, a harhaɗa su a yi riga ko gwado. Amma harsa baƙuwa ce, daga nesa fatake su ke kawo ta.

Wurin da ya fi shahara a duniya wajen saƙa irin wannan ƙyalle shi ne ƙasar Bangal, musamman kewayen birnin Dakka, wanda yanzu shi ne babban birnin Bangaladash. Zaren da a ke kaɗawa can don siranta ba ya jure busasshiyar iska, sai da sassafe a ke kaɗa shi, sa'ad da raɓa da laimar kogi ba su ɗauke ba. A kan ba da labari cewa a kan zura doguwar saƙa ta cikin zobe ta fita. Larabawa suna kiran irin wannan ƙyalle shash. Turawa kuwa sun samo sunan da su ke kiransa daga birnin Mausil na ƙasar Iraƙi. Wani iri daga cikin na Bangal sunansa hasa, daga kalmar Larabci mai nufin abu na musamman, mai kunne kuwa zai ji kusancinsa da harsa.

A cikin ƙarni na 19 injunan saƙa na Mancesta a Ingila suka kwaikwayi wannan aiki, suka fitar da shi da yawa da araha, har masaƙan hannu na Dakka suka durƙushe. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851 ya tarad da farin yadin Mancesta a kasuwa, an ratso hamada da shi bisa raƙuma daga Tarabulus. Daga Kano da Katsina fatake su ke yin yamma da shi zuwa Zamfara da Gobir. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929, sai hanya ta juya, auduga tana fita ta kudu a dinke cikin buhuna, yadi yana shigowa kantuna bandir-bandir. An buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957, waɗansu suka biyo baya, amma a farkon shekarun 2000 yawancinsu suka rufe. Yanzu galibin yadin da ke kasuwannin Arewa daga Sin da Indiya ya ke zuwa.

Watau ƙyallen ya sake hannu sau da yawa, ya sake hanya, amma sunan da Bahaushe ya ba shi yana nan. Sai dai akwai abin mamaki a nan. Me ya sa mutane masu hankali za su kashe dukiya, raƙuma su sha wahalar hamada, don ƙyallen da ƙaya ɗaya ta isa ta yaga shi? Amsar wannan tambaya tana cikin yadda a ke amfani da shi.

Naɗi

Bahaushe bai da wata kalma ta ba mutum sarauta da ta wuce naɗi. An naɗa shi hakimi, an naɗa shi limami, an naɗa shi sarkin noma. In kuwa aka raba shi da ita sai a ce an tuɓe shi, ko an warware masa rawani. Wanda ya gaji ya bari don kansa, a kan ce ya ajiye rawani. Harshe ya ɗauki mulki da ƙyallen nan abu ɗaya ne, don haka wanda ya lura da halin ƙyallen zai gane yadda magabata suka ɗauki mulki.

Falle ɗaya na harsa ba ya rufe kome. Sai an ɗora hula, an zagaya, an sake zagayawa, falle bisa falle, kāna ta yi kauri ta yi kwarjini. Ba a sa mata allura, ba a ƙulla ta da igiya. Kowane zagaye na bayansa ne ke danne shi, a ƙarshe a soke bakin a ciki. In aka sami wanda ya kama bakin nan ya ja, duk naɗin sai ya kwance. Daga cikinta a ke barin amawali, wanda ke zagayo haɓa, a ja shi a rufe baki. Kalmar amawali daga Buzayen Azbin aka same ta, ƙasar da Gobirawa suka zauna kafin su gangaro kudu. Mai amawali ba ya yawan magana, ba ya ƙyaƙyata dariya a bainar jama'a, in zai yi magana sai ya auna ta. Sa'an nan ga farin. Ɗan Kura yana ɓoye ƙura, amma harsa ko ɗigon goro ya faɗa mata sai an hango shi daga nesa.

Haka girma ya ke. Ba wanda ya ke samunsa da aiki ɗaya. Yau an kawo wa mutum ajiya ya mayar da ita cif, gobe an kawo ƙarar ɗan'uwansa ya ba baƙo gaskiyarsa, jibi an zage shi ya haɗiye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shara-shara ne, ba wanda zai kula da shi. Sai sun yi shekaru suna hawa kan juna a ke wayar gari a ga in mutumin nan ya doso taro ana tashi tsaye. Ƙarya ɗaya kuwa da aka kama shi da ita ta isa ta zama bakin da za a ja. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da su ka ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Rawani a tarihin Gobir

Ba ƙasar da ta fi Gobir sanin cewa rawani ba ƙyalle ba ne kurum. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir na da, yana nan a bakin gulbin Rima cikin ƙasar Sabon Birni. A zamanin da birnin nan ke da ƙarfi, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ran sallar layya, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi dukiya ba, sai ya roƙi abu biyar a maimakonta. A bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah. Kada a hana kowa amsa kiran. A girmama duk wanda ya naɗa rawani. A saki waɗanda ke tsare. Kada a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa, duk da jaruntakarsa da yawan dawakinsa, ya amince da su duka. Wannan yana cikin abubuwan da a ke tunawa da shi da su har yau.

Mai karatu ya dubi jerin nan da kyau. Girmama mai rawani bai zo shi kaɗai ba, ya zo ne tare da sakin ɗaurarru da sauƙaƙa wa talaka. Watau a wurin Shehu da Bawa, martabar rawani da jin daɗin talaka a igiya ɗaya a ke ɗaure su.

Bayan rasuwar Bawa al'amura suka sake. Sarkin Gobir Nafata, da ya ga jama'ar Shehu tana ƙara yawa, ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ba mai yin wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba kada ya shige shi, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Sarki mai sulke da kwalkwali ga shi yana kafa doka a kan ƙyallen da ba ya tare ko tsinke. Ya gane cewa mutanen da suka naɗa shi sun sami wanda su ke saurara ban da fada. Dokar ba ta kashe wutar ba. A 1804, zamanin ɗansa Yunfa, Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, yaƙi ya tashi, Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Gobirawa ba su sare ba. Sun ci gaba da yaƙi har aka yi karon Gawakuke a 1836, bayansa Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya a cikin ƙarnin nan Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa tana hannun zuriyar Shehu, mai riƙe da ita shi ma Sarkin Gobir a ke ce masa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Ingila da Faransa suka ja iyaka ta raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗa Nijeriya. Jikokin waɗanda suka yi ta gwabzawa da mashi suka zama maƙwabta, suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, kowannensu ran salla ya fito da farin naɗi. Abin da takobi ya yi shekaru bai gama ba, zaman mutunci ya gama shi.

Wanne ya fi ƙarfi?

Gobirawa mayaƙa ne, sun san lifidi. Shi ma daga auduga ya ke, ko ta gona ko ta rimi, a cusa ta tsakanin ƙyalle biyu a dinke, a rufe doki da mahayinsa. Ga auduga an tara ta ta yi kauri don ta tare kibiya, ga auduga an ja ta ta yi siriri har ana gani ta cikinta. In aka tambayi yaro wanne ya fi ƙarfi, ba zai yi jinkiri ba zai ce lifidi. Amma abin yana son a natsu.

Lifidi yana aiki ko maharbi ya ga girman mai shi ko bai gani ba, wannan gaskiya ne. Sai dai mutum ɗaya da doki ɗaya ya ke tsarewa, kuma sai mai hali ya ke mallakarsa. Harsa kuwa ba ta da ƙarfin kanta ko kaɗan, duk ƙarfinta a zuciyar mai kallonta ya ke. Amma in ta yi aiki, gari guda ta ke tsarewa. Shanu sun yi ɓarna a gona, manomi ya ɗauko gatari, makiyayi ya ɗaga sanda, sai ga dattijo mai rawani ya shiga tsakani hannunsa wofi. Ya ce, "Kai, ku ji tsoron Allah, ku zo mu zauna." Gatari ya sauka, sanda ta sauka, a je a ga ɓarna, a yanke diyya, a nuna burtali, kowa ya kwana gidansa. Da lifidi aka kawo wurin nan, da sai dai a ƙirga gawa.

Saboda haka ana iya auna lafiyar ƙasa da kaurin abin da mutum ke bukata don ya tsira da ransa a cikinta. Inda farin ƙyalle shara-shara ya isa ya kai dattijo daga Isa zuwa Sabon Birni, ya kai shi Goronyo ya komo ba wanda ya tare shi, ƙasar nan tana da lafiya, kuma ba shi kaɗai ya tsira ba, har da mai jaki da mai tallan nono da ke bin hanyar. Inda kuwa sai da ƙarfe, mai ƙarfe ne kaɗai zai wuce. Wanda ya fi kowa hasara ran da harsa ta daina aiki shi ne talaka, don ba shi da lifidi, ba shi da kuɗin sayensa.

Mutanen gabashin Sakkwato ba labari suka ji ba, gani suka yi. Tun daga 2019 dubban mutane daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa suka tsallaka iyaka suka fake a jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. A 2021 ɓarayin daji suka riƙa ɗora wa ƙauyuka kuɗin da za su biya kafin a bar su su yi noma ko su girbe. A watan Yuli na 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa Sabon Birni daga Sakkwato, aka shiga daji da shi, ya rasu a hannunsu a watan Agusta. Allah ya jiƙansa da rahama. Kukan da aka yi a Gobir ran nan ya wuce na rashin mutum ɗaya. Kowa ya gane cewa in rawanin dattijo bai tsare shi ba, hular talaka ba za ta tsare shi ba.

Wani zai ce, to, ai gardama ta ƙare, ƙarfe ya ci ƙyalle. Amma ga wani abu da ya faru a Jihar Zamfara, maƙwabciyar Gobir ta kudu. A watan Yuli na 2022 aka naɗa wa wani shugaban 'yan bindiga rawanin sarauta a wata masarauta da sunan neman sulhu. Ƙasa ta ɗauki surutu, har gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. A nan akwai darasi biyu. Mutumin da ke da bindigogi da babura da mabiya, me ya rasa da zai zo ya durƙusa a zagaya masa ƙyalle a ka? Ya rasa abin da bindiga ba ta bayarwa. Bindiga tana sa a gudu, ba ta sa a tashi tsaye don girmamawa, shi ma ya san bambancin. Darasi na biyu kuwa, naɗin bai ba shi abin da ya nema ba. Jama'a sun dubi rawanin, suka hangi abin da ke ƙarƙashinsa, don harsa ba ta ɓoye kome.

Haƙƙi biyu

Ba a ce duk mai rawani mutumin kirki ne ba. Tsofaffi suna tune da zamanin En'e, sa'ad da waɗansu masu riƙe da ƙasa suka matsa wa talakawa wajen haraji da jangali da aikin tilas. A 2022 ma gwamnatin Zamfara ta tuɓe sarakuna biyu bisa zargin haɗa baki da ɓarayin daji. Hausawa da kansu sun ce girman kai rawanin tsiya, watau sun san akwai rawanin da ba ya jawo wa mai shi sai zagi. Wanda ya zaci naɗi zai rufe masa cin hanci, ko sayar da burtali, ko danne gonar maraya, ya ɗauki harsa a matsayin gwado ke nan. Gwado ne ke rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Mutanen gari suna gani, yara ma suna gani, yaron da ya tashi yana ganin datti a jikin farin rawani kuwa da wuya ya ga girman wani rawani in ya girma. Mai naɗin da ya ci amana ba kansa kaɗai ya tuɓe ba, ya rage wa na kirki kwarjini.

Don haka haƙƙi biyu ne, kuma ɗaya ba ya tsayawa sai da ɗaya. A kan mai naɗi akwai tsare farinsa. A kan jama'a akwai girmama naɗin da aka tsare, da kai ƙara gabansa maimakon ɗaukar makami, da karɓar hukunci ko bai yi daɗi ba. Tsaron hanya da kama mai laifi aikin hukuma ne, ba mai cewa a fuskanci bindiga da ƙyalle. Gidan da wuta ta kama sai an kashe ta tukuna. Amma soja ba zai tsaya a bakin kowace gona har abada ba. Ran da ya tafi, abin da zai hana manomi da makiyayi komawa gidan jiya shi ne samun mutum a gari wanda dukansu biyu su ke jin kunyarsa.

Abin da ya rage ga mai karatu

Yanzu ana iya komawa ga gardamar farko. Saurayi ya yi gaskiya da ya ce zamani yana sakewa, ba kuwa wanda zai hana boyal da shadda shiga kasuwa. Amma "yadin rawani" suna ne da ke faɗin inda a ke sa abu kurum. Harsa kuwa tana faɗin halinsa, cewa fari ne, marar nauyi, ana gani ta cikinsa, ba ya tsayawa sai an yi ta zagayawa. Al'ummar da ta zaɓi irin wannan ƙyalle ta ɗora a kan shugabanninta, ta bar ƙarfe da fata, ta faɗi irin mulkin da ta ke so. In kalmar ta ɓace, wasiyyar da ke cikinta ta ɓace, sai a wayi gari ana tsammani duk wanda ya tara tsumma a ka ya zama babba. Ashe zancen ba na wanda ya ƙoshi ba ne, na wanda ke neman kwana lafiya ne.

Wanda ya yi yaƙi da jahilci har ya iya riƙe fensir, ya sami abin da kakanninsa da yawa ba su samu ba. Ya sami littafin rubutu ya zauna gaban tsohuwar da ta yi kaɗi, ko tsohon masaƙi, ko bafaden da ya iya naɗi, ya ce, "Inna, yaya a ke kiran wannan?" ko "Baba, mene ne bambancin wannan da wancan?" Ya rubuta sunan, ya rubuta aikinsa, ya karanta wa 'ya'yansa. Tsofaffin nan da yawa sun bar garuruwansu suna zaman gudun hijira, sun bar mazari da ƙoshiya a baya, abin da suka fito da shi sai wanda ke cikin kansu. In ba a rubuta ba, da su za a binne shi.

Kada kuma mai karatu ya ce shi ba sarki ba ne, ba malami ba, ruwansa da harsa. Mai gida a gidansa, uwargida a tsakar gidanta, mai awo a bakin mudunsa, direba a kan motarsa, kowa yana da waɗanda ke kallonsa, kowa yana naɗa nasa falle bisa falle ko bai taɓa sayen rawani ba. Garin da irin waɗannan suka yi yawa ba ya rasa wanda zai shiga tsakani ran da aka ɗaga gatari.

Allah ya zaunar da Gobir lafiya, ta nan da ta ƙetaren iyaka. Allah ya mai da waɗanda suka gudu gidajensu, ya ba masu naɗi ikon tsare amanar da aka ɗora musu, amin.